Wasa goma a mako: abin da dandamalin Las Vegas ke koya wa ma'aikacinsa

Abu na farko da mai aikin gidan wasa yake koya a birnin Las Vegas na Amurka shi ne agogo. Yawancin manyan wasannin da suka zauna a otal-otal ɗin birnin minti 90 suke ci, babu hutun tsakiya, kuma sau biyu ake yin su a dare: na farko wajen ƙarfe 7, na biyu wajen 9 da rabi, dare biyar a mako. Ba masu fasaha ne suka zaɓi wannan tsari ba. Jihar Nevada, inda birnin yake, ta halatta caca a 1931, kuma tun da aka soma gina otal-otal a kan babban titin da ake kira Strip, wasa hanya ce ta jawo mutum cikin gini. Shi ya sa ƙofar zauren take can ƙurya, sai ka ratsa teburan caca kafin ka kai, ka kuma sake ratsa su in an tashi. Mai otal ba ya son baƙonsa ya share awa uku a kujera. Ko mutum ba ya kusantar caca, in dai a nan zai yi aiki, ya sani ita ce ta yanka wa wasan tsawonsa.

Sakamakon haka shi ne maimaici mai yawan gaske. Wasa goma a mako ya haura 400 a shekara, kuma wasan Mystère na kamfanin Cirque du Soleil yana gudana a otal ɗin Treasure Island tun 1993. Tsakanin wasan farko da na biyu abin da ke akwai bai wuce awa guda ba. A cikinta za a fitar da 'yan kallo, a share dandamali, a mayar da kowane kaya mazauninsa na farko, a canza batiran makirufo, a busar da tufafin da suka jiƙe da gumi, 'yan wasa su ɗan taɓa abinci mara nauyi su sake ɗumama jiki. Wasan na biyu ne ya fi buƙatar ido, domin jiki ya riga ya gaji, zuciya kuma tana cewa ai ɗazu ma an yi lafiya.

Daga nan sai iska. Birnin yana cikin hamadar Mojave, ruwan saman da ake samu a shekara kusan santimita 10 ne kawai, zafin bazara kan wuce digiri 40, danshin iska kuma yakan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara tsotse ɗan abin da ya rage. Wanda ya san yadda hunturu ke tsage leɓe a Kano ko Damagaram ya fahimci abin da ke samun maƙogwaron mawaƙi a nan, sai dai wannan ba ya wucewa bayan wata uku. Tantanin murya yana buƙatar laima kafin ya kaɗa sumul. In ya bushe, mawaƙi yakan ƙara ƙarfi ba tare da ya lura ba, tantanin ya kumbura, a dare na uku manyan sautuka su ƙi fita.

Kuskuren da sababbi ke yi shi ne ɗirkar ruwa dab da hawa dandamali. Ruwan da aka sha ba ya taɓa tantanin murya kai tsaye, sai ya bi jiki, kuma hakan na ɗaukar awoyi. Don haka tun safe ake fara sha, kaɗan-kaɗan. Abin da ke isa wurin nan take shi ne tururi: a shaƙa na minti 10 kafin wasa, a sake bayan an sauka. A ɗakin kwana a ajiye na'urar ƙara danshi, a riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 50, a kauda gado daga saitin iskar sanyi, a kuma daina kakarin gyaran murya, domin yana gurje wurin da ya riga ya yi tsami. Manyan gidaje sun ɗauki abin da muhimmanci. Zauren Colosseum na otal ɗin Caesars Palace, mai kujeru sama da 4,000, da aka buɗe wa mawaƙiya Celine Dion a 2003, an haɗa masa na'urar da ke hura danshi a kan dandamali saboda muryarta. Kayan kiɗa na katako ma ba su tsira ba. Jita da goge kan tsage in an bar su a buɗe, fiyano kuma yana saurin sauka daga saiti, shi ya sa ake rufe jita da goge cikin akwatinsu da ɗan soso mai laima.

Abin mamaki, wasan da ya fi shahara a wannan hamada a ruwa ake yin sa. An buɗe "O" a otal ɗin Bellagio a 1998, kuma dandamalinsa tafki ne mai ɗaukar lita kusan miliyan 5.7, zurfinsa ya kai mita 7 da rabi. Ana riƙe ruwan a digiri 31 don kada jikin 'yan wasa ya sandare, su kuwa 'yan kallo ana hura musu iska mai sanyi a wajen kujeru. A ƙarƙashin ruwan akwai faffaɗan dakali masu hawa da sauka, an huhhuda samansu don ruwa ya ratsa, ta yadda wurin da ake tafiya a kai yanzu zai koma rami mai zurfi cikin daƙiƙoƙi. Darasin yana nan: mai dirowa daga sama ba zai iya tantance zurfin ruwan da idonsa ba. Ba ya sakin jiki sai mai ba da umarni ya tabbatar dakalin ya sauka ya ba shi alama. A ƙasa kuma masu nutso suna jira da bututun iska, su ba ɗan wasa ya shaƙa, su ja shi zuwa mafita, ga lasifika a cikin ruwa da ke isar da kiɗa da umarni. Kowane ɗan wasa sai ya koyi nutso da tukunyar iska, ko da fitowarsa ta minti biyu ce.

Maganar igiya ita ce ba ta son gaggawa. Igiyar ƙarfen da ake ɗaga mutum da ita ana zaɓar wadda za ta iya ɗaukar ninki goma na nauyin da za a ɗora mata, amma wannan lissafi yana aiki ne kawai muddin tana kan hanyarta. Tana gudu ne a cikin ramin wata tayar ƙarfe, kuma in ta yi sako-sako ko aka fizge ta daga gefe, tana iya tsallake ramin ta hau kan ƙarfe mai kaifi. Abin da ya faru ke nan a wasan KÀ na Cirque du Soleil a otal ɗin MGM Grand ranar 29 ga Yuni, 2013, lokacin da 'yar wasa Sarah Guillot-Guyard ta faɗo daga tsayin kusan mita 28 ta rasu. Binciken hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Nevada ya nuna ta yi sama da sauri, igiyar ta fita daga tayarta, ta gogi kaifi ta tsinke. An ci tarar kamfanin da otal ɗin, an kuma janye wannan fitowa na tsawon lokaci kafin a dawo da ita da gyare-gyare.

Dubawar yau da kullum ba ta da wuya, nacinta ne ke da wuya. Ana kama igiyar da tsumma a bi ta a hankali daga farko har ƙarshe, duk inda tsumman ya maƙale to akwai silin da ya karye. Ana duba inda ta lanƙwashe ko ta baje, a auna kaurinta, a juya tayar da hannu a saurari ƙara, a tabbatar ƙarfen da ke hana igiya tsallakewa yana nan daram. Sannan a ɗaga buhun nauyi kafin a ɗaga mutum, a rubuta a littafi, a sa hannu. Wanda ya yi wannan sau ɗari bai ga komai ba shi ne zai fara sa hannu bai duba ba, sabo turken wawa. A ganina gidan da ke jujjuya masu dubawa, ya kuma ba ƙaramin ma'aikaci ikon tsayar da wasa ba tare da tsoron kora ba, ya fi wanda ya sayi injin da ya fi tsada.

Wasan da ya rataya a wuyan mutum ɗaya kuma yana da nasa haɗarin. Siegfried da Roy, masu wasan dabo da namun daji, sun yi wasa a otal ɗin Mirage tun 1990, amma da damisa ta raunata Roy Horn a kan dandamali ranar 3 ga Oktoba, 2003, wasan ya tsaya ke nan, mutane sama da 200 suka rasa aiki. Shi ya sa manyan wasanni ke koya wa mutum biyu ko uku kowace rawa, su kuma tanadi tsarin da za a bi in an cire wata fitowa a daren.

Ƙananan masu wasa kuwa yawanci hayar zauren suke yi. Otal ya ba da ɗaki, kai ka biya ma'aikatan fitila da sauti, ka biya talla, abin da ya rage daga tikiti naka ne. Kafin a sa hannu, a lissafa harajin kashi 9 cikin ɗari da jihar ke ɗorawa kan tikitin zauren da ke ɗaukar mutum 200 zuwa sama, da ladan dillalai, da tikitin da rumfunan rangwame ke sayarwa har rabin kuɗi, da kujerun da otal zai ba manyan baƙinsa kyauta. A yi lissafin da daren Talata mai rabin zaure, a kuma nemi a rubuta a takarda adadin kujerun kyautar da wanda zai biya ma'aikata in otal ya karɓe zauren don wani taro.