Abin da aikin kamfanin sadarwa ke koya wa ma'aikaci

Sabis ba ya barci, shi ya sa mai kula da shi ma barcinsa rabi da rabi ne. Idan kamfani ya yi alkawarin layi zai tsaya kashi 99.99 cikin ɗari, yana nufin duk katsewar shekara ba za ta wuce kimanin minti 52 ba. Daga wannan lissafi matsin aikin yake tasowa. Injiniyan da ke jiran kira, wato wanda za a nema idan matsala ta taso, ba ya kashe waya, kuma babban gyara, kamar sabunta manhaja ko sauya kati a na'ura, sai dare ya tsala ake yinsa, lokacin da masu kira suka ragu.

A irin wannan lokaci gajiya ke sa a tafka kuskure. Kafin a taɓa komai, a ajiye kwafin saitin da ke aiki, a kuma rubuta matakan komawa baya idan abu ya ɓaci. Wanda ya tsallake wannan zai wayi gari yana lalube, jama'a na ta kira ba ya shiga.

Sau da yawa idan tasha, wato wurin da turken sabis da na'urorinsa suke, ta mutu, matsalar wuta ce. Kayan tashar da wutar DC (irin ta batir) mai bolt 48 suke aiki, batura ne ke riƙe su kafin janareta ya tashi. An ƙera baturan dalmar nan ne don zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana cinye rabin rayuwarsu. Saboda haka na'urar sanyaya ɗaki da ta lalace abu ne na gaggawa. A duba man janareta ma, domin ruwa kan taru a gindin tanki ya toshe abin tace man.

Hawa turken sabis kuwa ba ya son garaje. Ɗamarar tsaro mai igiya biyu ake ɗaurawa, ba a kwance ɗaya sai an maƙala ɗayar. A sa cibiyar kula da sabis ta rage ko ta kashe ƙarfin eriya kafin a gifta ta gabanta. Ba a hawa idan hadari ya taso, ba a hawa ba tare da wani a ƙasa ba. Oga zai yi ta bugo waya yana tambayar yaushe sabis zai dawo. Ma'aikaci ya koyi cewa "ba zan hau ba sai iska ta lafa" ba rashin ladabi ba ne.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne takardar ɗaukar aiki. Da yawa suna sanye da rigar kamfanin, alhali ɗan kwangila ne ya ɗauke su, kuma haƙƙinsu ba ɗaya ba ne da na ma'aikatan dindindin. Kafin a sa hannu a tambaya: wa ke biyan albashi, akwai alawus na jiran kira, awa nawa ake hutawa bayan aikin dare, wa zai biya kuɗin asibiti idan aka ji rauni a bakin aiki? Duk amsar da aka bayar, a nemi a gan ta a rubuce.