Tsutsar Jinin Kifin Tuna da Maganin Tsargiya

A Port Lincoln da ke kudancin Ostireliya, tun farkon shekarun 1990 masunta ke kamo kifin tuna da ransa, su zuba shi cikin manyan kejin raga a teku, su ciyar da shi ƙananan kifaye na wasu watanni har ya yi ƙiba, sannan a kai mafi yawansa Japan. Abin da ya addabi wannan sana'a wata 'yar tsutsa ce mai suna Cardicola forsteri, wadda ke zama a cikin zuciyar kifin.

Ɓarnar tana ga ƙwayayen da take sakawa, domin jini yakan kwashe su ya kai su gaɓoɓin numfashi da ke gefen kan kifin, su toshe ƙananan jijiyoyi. Tuna kuwa ba ya tsayawa ya huta; dole ne ya yi ta iyo baki buɗe domin ruwa ya ratsa waɗannan gaɓoɓi, saboda haka da zarar sun toshe sai ƙarfinsa ya ƙare, wani ya mutu tun kafin lokacin sayarwa.

Tsutsar ba ta wucewa daga kifi zuwa kifi kai tsaye. Sai ta fara girma a jikin wata tana da ke zaune a ƙasan teku, kuma an lura cewa kejin da aka matsar zuwa ruwa mai zurfi ba su cika kamuwa ba. Mu a Sakkwato wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu, domin haka tsutsar tsargiya ke bi ta jikin dodon koɗi kafin ta shiga fatar yaran da ke wanka a fadamun Rima da bakin madatsar Goronyo. Tsutsotsin biyu dangi ne, har ma maganinsu ɗaya, wato praziquantel, wanda ake raba wa ɗalibai a makarantu, a can kuma ake sanya shi cikin ƙananan kifayen da ake ba tuna.

Abin da ke damuna shi ne dogaro da magani guda, alhali maɓoyar tsutsar tana nan. Ina ganin irin wannan a wurin wasu masu kiwon tarwada a nan gida, waɗanda kifi na fara goga jiki da bangon tafki sai su ruga sayen magani, amma ba sa yarda su zubar da ruwan bayan kwasar kifi, su bar ƙasan tafkin ta sha rana, su barbaɗa farar ƙasa kafin su zuba sabon iri.