Tsohon jirgin faiba da ya dawo mana gareji

Aikinmu a gareji, can wajen Ƙofar Ƙaura, ba na jirgin ruwa ba ne. Bambar mota muke gyarawa, da tankin ruwa, da duk wani abu da aka yi da faiba, wato zaren gilas da aka jiƙa da rezin, wani ruwa mai danƙo da ke daskarewa ya yi tauri. Katsina ba teku ba babban kogi, sai madatsun ruwa irin su Zobe da Jibiya da Ajiwa. Shi ya sa ranar da wani Alhaji ya shigo da ƙaramin jirgin faiba ɗaure a bayan a-kori-kura, yaran unguwa suka cika mana ƙofa.

Jirgin bai wuce mita huɗu ba, na hannu ne daga Legas. Asalinsa jirgin iska ne, irin wanda ake kafa wa doguwar sanda a ɗaura mata ƙyalle, amma an cire sandar, shi kuma yana so ya riƙa shiga Zobe da shi. Jikinsa duk tsaga. Maigidana ya yi tafiya a lokacin, ni kuma na ga ai aiki ne irin wanda na saba: na goge da sanfefa, na cike da filar mota, na fesa fenti, ya fito fes. Bayan wata biyu jirgin ya dawo. Tsagar gefen hagu ta sake buɗewa a daidai inda take, har ta ƙara tsawo, filar kuma ta kumbura. Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Malam, aikin nan dai bai riƙe ba." Na ji kunya ƙwarai, don mutumin nan da 'ya'yansa yake shiga ruwa.

Maigida ya koyi sana'ar ne a Fatakwal, wurin masu ƙera jirage. Ya zagaya jirgin sau biyu, sannan ya ce: "Kai, kafin ka cike, ka san abin da ya tsaga shi?" Na yi shiru.

A ranar na fahimci cewa farin da ke jikin jirgi ba fenti ba ne. Sunansa jelkot, rezin ne mai launi wanda ake fara shafawa a cikin mazubi kafin a shimfiɗa zaren gilas a bayansa. Kaurinsa wajen rabin milimita ne. Yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, alhali faibar da ke ƙarƙashinsa tana ɗan motsi. Duk sa'ad da ta motsa fiye da abin da zai iya jurewa, shi ne ke fara tsagewa. Ashe kowace tsaga da siffarta, kuma siffar ce ke nuna dalili. Wadda ta bazu kamar saƙar gizo-gizo a saman jirgi, mara zurfi, aikin rana ne da tsufa, ko kuma an zuba jelkot da kauri tun a masana'anta. Wadda ta fito daga ɗigo ɗaya ta watsu kamar tauraro, wani abu ne ya daki wurin, dutse ko kututture. Amma layuka biyu ko uku da suka jeru suna bin juna, waɗannan su ne abin tsoro, don suna nufin jikin jirgin yana lanƙwasa a wurin kullum. Irinsu ne ni na rufe da fila.

Sai ya ciro tsohon kwabo daga aljihu ya fara ƙwanƙwasa jikin jirgin, taƙi bayan taƙi. Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sayen randa ya san wannan: mai lafiya ƙararta a sarari take, mai tsaga kuwa muryarta a dushe. Haka faiba take. Inda take haɗe, kwabo yana tsalle da ƙara mai kaifi. Da ya iso gefen hagu sai ƙarar ta mutu. Ya sa ni na yi da hannuna har sai da kunnena ya rarrabe, sannan ya ba ni alli na zagaye wurin. Abin da na zagaye ya ninka tsagar da ake gani sau uku. Da muka leƙa ciki da tocila, sai ga haƙarƙarin da ke tallafe da gefen ya ɓalle daga jikin jirgin. Duk igiyar ruwan da ta buga, wurin sai ya shiga ya fito.

Wannan ƙwanƙwasar ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na koya. Minti goma ne kacal, ba ta cin ko sisi, amma da na yi ta tun farko da Alhaji bai yi asarar kuɗinsa ba.

Gyaran daga ciki muka fara. Muka kankare duk filar da na sa, domin tana da hoda a cikinta mai shan ruwa, ba a yi ta don zama cikin ruwa ba. Muka bar jirgin a inuwa ya bushe sarai, abin da iskar Katsina ba ta da rowa a kai. Inda faibar ta rabu, muka cinye da giranda a karkace, faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12, don sabon zare ya sami wurin kamawa. Muka shimfiɗa zaren gilas hawa-hawa, muka mayar da haƙarƙarin muka ɗaure shi. Sai da wurin ya daina motsi in an danna, sannan muka waiwayi waje.

A waje ma ba shafawa ake yi a kan tsaga ba. Siririyar tsaga ba ta karɓar komai, dole a buɗe ta da tsinin ƙarfe ko ƙaramar giranda, sama da faɗi ƙasa da tsini, a bi ta har a ɗan wuce inda ta ƙare. A wanke da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo da datti. A dama jelkot da hadina, ruwan da ke sa shi daskarewa, a auna ta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na jelkot ɗin, ba da ƙiyasin ido ba. Mu a watan Afrilu muka yi aikin, zafi ya haura digiri 40, kwaɓin farko ya daskare mini a gwangwani kafin in kai rabi. Daga nan muka koma yi bayan sallar asuba, kaɗan-kaɗan. Akwai kuma halin jelkot da ban sani ba: in iska tana taɓa shi, samansa ba ya bushewa, sai ya zauna da danƙo. Ko a sa masa kakin da ake haɗa shi da shi, ko a rufe shi da leda mai santsi. Da ya yi tauri muka bi shi da sanfefar ruwa, daga mai ɗan kaushi zuwa mai laushi, lamba 400, 600, har 1200, sannan man gogewa.

Hadinar nan ba abin wasa ba ce. Ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum, kuma ba a haɗa ta kai tsaye da ruwan kobal, sinadari mai launin shuni da ke hanzarta daskarewar rezin, don wuta take tayarwa. Ina ganin yara a garejoji suna zuba ta da hannu ba tabarau, abin yana damuna, kuma ba na gajiya da faɗa musu.

Launi ne ya ba mu wahala a ƙarshe. Farin da ya sha rana shekara da shekaru ya koma kamar nono mai tsami, sabon kuwa fat yake. Muka yi ta ɗiga rawaya da ɗan ƙasa-ƙasa muna gwadawa a gefe, duk da haka in rana ta karkata ana ganin facin. Saƙar gizo-gizon da ke sama kuwa ba mu taɓa ta ba. Maigida ya ce wa Alhaji: "Ranka ya daɗe, wannan ba ta shigar da ruwa, kuɗin kankare ta ya fi amfaninta. Ka dai yi masa rumfa." Bai karɓi ko kwabo a aikin na biyu ba, ni ma ban nemi ladana ba. Alhaji ya sa aka ɗora jirgin a mota, aka nufi Dutsin-Ma da shi, inda madatsar Zobe take.