Zurfin ruwa da iskar da mai nutso ke ci

A kan allo dokar Boyle-Mariotte gajeruwa ce: in zafi bai canja ba, ka ninka matsi a kan iska, girmanta ya ragu da rabi. Boyle ya wallafa ta a Ingila a 1662, Mariotte ya biyo baya a Faransa a 1676. Ɗalibaina na lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram sukan hardace ta, su zuba a jarrabawa, shi ke nan. Abin da na koya a aikin koyar da fizik shi ne, ba ta zama a kan yaro sai ya ga ran mutum ya rataya a kanta. Shi ya sa nake kawo musu mai nutso da tukunyar iska a bayansa, duk da nisanmu da teku.

Da bar ake auna matsi. A bakin teku matsin iska bar 1 ne, kowane mita 10 na ruwa kuma yana ƙara bar 1. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da lita 2400. A ce mutum yana shaƙar lita 20 a minti. A sarari za ta kai shi awa 2. A mita 10 lita 40 yake ci, a mita 30 lita 80, wato minti 30 kacal. In an cire bar 50 da ake bari don ko-ta-kwana, bai kai minti 23 ba.

Nan ne aji ke rikicewa. Nakan raba sirinji marar allura, kowa ya toshe bakinsa da ɗan yatsa, ya tura daga 20 zuwa 10. Sai ka ga fuska ta ɗaure, yatsa ya yi fari. Wata yarinya ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to shi ma huhunsa haka yake matsewa?" Tambayar da darasin ke jira ke nan. Huhun bai ragu ba. Na'urar da ke bakinsa, wadda Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, suka ƙera a 1943, tana ba shi iska daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Numfashi ɗaya ne, ƙirji ɗaya ne, amma a mita 30 iskar da ta cika shi ta ninka ta sarari sau huɗu. Tsoro, sanyi da aikin ƙarfi kuwa suna ƙara yawan numfashin kansa, lissafin ya sake lalacewa.

Abin da ya fi damuna shi ne hawowa. Daga mita 10 zuwa sama iskar ƙirji ninkawa take, don haka wanda ya shaƙa daga tukunya ya riƙe numfashi yana iya yaga huhunsa, ko da ruwan mita kaɗan ne. Wannan ya shafe mu, domin da damina tafkunanmu na cika, ga tafkin Gidimuni, kuma cikin yaran nan akwai masu burin shiga aikin kashe gobara da ceto.

Yanzu a jarrabawa nakan ba su girman tukunya da zurfi, in ce su faɗa mini a minti na nawa ya kamata mutumin ya fara hawowa.