Bin sawun kakan matata a Glarus

Matata 'yar New Glarus ce, wani ƙaramin gari a jihar Wiskonsin ta Amurka. Mutanen yankin Glarus na ƙasar Suwizalan ne suka kafa shi a 1845. Su 193 suka baro gida lokacin da sana'ar saƙa ta durƙushe, abinci ya yi wuya. Suka bi kogin Rhine zuwa Holan, jirgin ruwa ya sauke su a Baltimore, suka ratsa St. Louis da Galena suna cigiyar mutum biyun da aka tura gaba su sayi fili. Kakan kakan matata ba ya cikin wannan ayari, daga baya ya bi sahu. Abin da dangi suka riƙe game da shi bai taka kara ya karya ba: wai gwanin cuku ne, wai kuma neman arziki ya fito da shi. Tunda jininsa na yawo a jikin 'ya'yana, na ce mu je mu gani da idonmu.

Daga Zurik zuwa Glarus tafiyar kamar awa guda ce a jirgin ƙasa. Da an wuce Ziegelbrücke sai duwatsu su matso ta dama da hagu, kogin Linth na gudu a tsakani. Tun daga taga mutum zai gane dalilin ƙaura, domin babu filin da zai ciyar da jama'a mai yawa. Garin kansa titunansa a miƙe suke, saboda gobarar 1861 ta cinye mafi yawansa aka sake zana shi.

A ma'ajiyar tarihi ta yankin muka yi zaman gaske. Ma'aikaciyar ba ta tambayi inda aka haifi mutumin ba, garinsu na asali ta tambaya. A Suwizalan kowane ɗan ƙasa yana da garin da zuriyarsa take, ko da bai taɓa taka shi ba, kuma can ake bin lissafin iyali. Kafin 1876, shekarar da rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma hannun hukuma a faɗin ƙasar, limaman coci ne ke rubutawa. An yi sa'a wani mutum, Johann Jakob Kubly-Müller, ya kwashe shekaru masu yawa yana tattara waɗannan littattafai gida gida, ya jera wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Ba don aikinsa ba da mun dawo hannu rabbana, domin tsohon rubutun hannu na Jamusanci ko mai jin harshen sai ya koya.

Sunaye ne suka ba mu wahala. Fridolin, waliyyin da hotonsa ke kan tutar yankin, kusan kowane gida akwai takwaransa, haka sauran sunayen ke ta maimaituwa. Sai ka ce an aike ka kasuwar Kurmi ka nemo Malam Muhammadu. Sunan mahaifiyar kakan ne ya raba gardama, wanda matata ta samo a takardar mutuwarsa tun a Wiskonsin. A gefen sunansa an rubuta cewa ya tafi Amurka. Daga nan shafin bai sake cewa komai a kansa ba, alhali ƙannensa da suka zauna an bi su har kabari.

Takardun majalisar ƙauyensu ne suka fasa ƙwai. Asusun ƙauyen ne ya biya masa kuɗin jirgi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wancan zamani: garin asali ke da alhakin ciyar da talakansa, don haka garuruwa da yawa suka ga gara su biya kuɗin tafiya sau ɗaya da su yi ta ciyarwa. Ni dai ban ga abin kunya ba, amma kuma ba zan kira shi taimako ba. Sallama ce cikin ladabi. Maganar cuku kuwa babu ita, leburan fasa dutse aka rubuta.

Washegari muka hau bas daga Schwanden muka shiga kwarin Sernf, inda ake haƙar dutsen allo a da. A ƙarshen kwarin ne Elm take, inda dutse ya zaftaro a 1881 ya hallaka mutum fiye da 100 sakamakon wannan haƙa. Mun duba maƙabartar ƙauyen kakan ba mu ga kabarin iyayensa ba. A can bayan shekara 20 zuwa 25 kwashe alamar kabari ake yi a ba wani wurin.

Da yamma matata ta kira mahaifinta, tana ɗar-ɗar da yadda zai ɗauki zancen. Ta karanta masa abin da muka kwafo. Tsohon ya yi shiru, can ya ƙyalƙyale da dariya ya ce mu kama hanya tun kafin su tuna suna binmu bashi.