Wa muke tsoro a Kebbi, Nijar ko masu babura?

Tun da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023 nake lura cewa abin da ke hana Abuja barci daban, wanda ke hana mu barci a Kebbi daban. Su can manya juyin mulkin suka gani, suna tsoron kar ya zama annoba ya tsallako, shi ya sa ECOWAS ta ba da wa'adin mako ɗaya, aka rufe boda, aka yanke wutar da ke zuwa Yamai daga Birnin Kebbi, har da maganar tura sojoji. To amma dan Allah mutumin Kamba da ƙanwarshi ke aure a Gaya, kasuwarsu ɗaya, zana'ida ma tare ake yi, ta yaya za ka ce mishi Nijar ce abokiyar gaba? Shi abin da ya gani da idonshi, motoci sun yi layi a bakin boda, albasa tana ruɓewa cikin buhu, direbobi na kwana ƙarƙashin tirela kuɗin abinci ya ƙare. Sanatocin Arewa ma ai ba su yarda da zancen yaƙin ba.

Can ma tsallake haka abin yake. A Disamba 2024 Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi hira da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa mishi ƙasa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya fito ya ce ba haka ba ne. Amma wallahi ka zauna majalisa da yamma ka ji, da yawa Tchiani suka gaskata, ba don sun ga wani sansanin sojan Faransa ba, kawai wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma tarihin Faransa a yankin nan kowa ya san shi.

Abin da ke ci min rai shi ne, gwamnatoci biyu suna hararar juna, 'yan bindigar Lakurawa kuwa ba ruwansu da boda, a kan babur suke shiga su fita. A Nuwamba 2024 suka afka wa Mera a ƙaramar hukumar Augie, aka kashe mutum 15. Manomin da ake ƙwace wa shanu da sunan zakka bai taɓa ganin sojan Faransa ba, bai ga na Nijar ba, ƙarar babur ce in ya ji bayan isha'i yake tashi ya leƙa garke.