Kwana tara da na yi shiru

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa mukullan ofis da wayar kamfani, bayan shekara bakwai ina tallar gidajen haya masu kaya a ciki. Waɗanda muka yi aiki tare sun san teburina, sun san jadawalin shiga da fita da ke manne a bango, don haka ba sai na tsaya bayanin yadda ake ƙirga cokula da zannuwan gado kafin baƙo ya shigo ba. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai tun 2022, ita nake so in amayar kafin in yi nisa.

Kun san yadda sana'ar take. Mai biyan kuɗin gida daban, mai kwana a cikinsa daban. Kamfani ya yi wa ma'aikacinsa taransifa, sai ya damƙa hidimar ƙaurar ga masu shirya ƙaura, irin su Cartus ko Sirva, su kuma su turo wa irinmu takarda: ɗaki nawa, kwana nawa, kusa da ina. Mu da jami'in da ke bayan kwamfuta muke ciniki. Shi kuwa ma'aikacin da iyalinsa, sau da yawa ba ma jin muryarsu sai ranar da za mu miƙa musu mukulli. Na yi shekaru ina rubuta talla don in burge wancan jami'in, har na manta cewa ba shi ne zai hau matattakalar ba.

A waccan shekarar kasuwa ta farfaɗo bayan korona, buƙata ta fi gidajen da muke da su. Manajanmu yana da magana ɗaya da yake maimaitawa kullum safiya: daren da gida ya kwana babu kowa, asara ce da ba ta dawowa. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Mu ma haya muke kamawa daga masu gini, ta shekara guda ko fiye, mu zuba gado da kujeru da firji da injin wanki, mu biya wuta da ruwa da intanet. Ko da baƙo ko babu, kuɗin hayar yana tafiya. Saboda haka ya kafa mana doka, in wani zai fita yau, gobe wani ya shiga.

Sai ga takarda ta zo. Injiniya ne da matarsa da 'ya'ya biyu, kwana 90, kafin kayansu su iso ta jirgin ruwa su kuma sami gidan zama na dindindin. A ƙasan takardar akwai layi ɗaya: babbar 'yarsu da keken guragu take yawo, ana buƙatar gida marar matattakala da banɗakin da keke zai shiga. Ina da irin gidan kuwa. A ƙasa yake, ƙofofinsa masu faɗi, wurin wankansa a shafe yake da daɓen ɗakin. Da kaina na je da tef ɗin awo na auna kowace ƙofa, na ɗauki hotuna, na rubuta faɗin kowacce a ƙarƙashin hotonta. Cikin kwana biyu suka amince. Na ji daɗin kaina a ranar, don na san babu wani a cikin masu gasa da mu da ya yi wannan awon.

Kuskurena na farko shi ne na ba da hayar gidan da ba a sake shi ba tukuna. Akwai mutum a ciki. Kwantiraginsa zai ƙare kwana ɗaya kafin su iso, amma ban karɓi notis ɗin fitarsa a rubuce ba, kuma yarjejeniyarmu da kamfaninsa ta ba su damar ƙara wa'adi muddin ba su ba da notis ba. Saura kwana tara jirgin iyalin ya sauka, sai ga imel: aikin mutumin bai ƙare ba, sun ƙara wata guda.

Na shiga ofishin manaja da takardun biyu a hannu. Ya duba jadawali, ya nuna wani gida a gini na kusa, girmansu ɗaya, kayansu iri ɗaya. Na ce, "Yallaɓai, wancan akwai matattakala shida daga bakin titi kafin a kai ga lif, kuma banɗakinsa baho ne." Ya ce takardar da suka sa wa hannu ta ce wannan gida ko makamancinsa. Na ce yarinyar fa? Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kada ka ta da zaune tsaye. In ka gaya musu yanzu, wajen wasu za su koma, mu rasa kwana 90. In sun riga sun iso za su haƙura, wata ɗaya ne kawai, sai mu mai da su."

Na fito ban ce komai ba. Kwana tara ina da lambar jami'in, ina da imel ɗin injiniyan. Sau uku ina rubuta saƙon gaskiya ina gogewa. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila mutumin ya fita da wuri, wataƙila matattakala shida ba wani abu ba ne. A rana ta bakwai ma injiniyan ya aiko yana godiya, ya ce 'yarsa ta ga hotunan, ta riga ta zaɓi ɗakinta. Na amsa masa da fatan Allah ya kawo su lafiya.

Da dare suka iso, bayan doguwar tafiya. Ni na tarbe su a ƙofar ginin. Uban ya tsaya yana kallon matattakalar, bai yi magana ba, ya sunkuya ya ɗauki yarinyar, wadda ba za ta wuce shekara 11 ba, ni da uwar muka ɗaga keken. Da muka shiga, uwar ta wuce banɗaki kai tsaye. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofar. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da hotunan da na aika, ashe ta buga su a takarda, da rubutun awona a ƙarƙashin kowanne. Ta ce, "Malam, ba kai ne ka auna waɗannan ba?" Na ce ni ne. Ta ce, "To yaushe ka sani?"

Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Har yau in na ga tef ɗin awo, muryarta nake ji.

A daren suka koma otal. Washegari rahoto ya isa wajen masu shirya ƙaurar, kafin mako ya zagayo an cire sunanmu daga jerin waɗanda ake turo wa buƙata. Garin tsoron asarar kwana 90, muka rasa dukan ma'aikatan da wannan kamfanin shirya ƙaura yake kawowa. An je neman ƙiba an samo rama.

A taron da aka kira, manaja ya zo da imel ɗin duka a buge, kuma sunana ne a ƙasan kowanne. Umarninsa da baki ya ba ni, ƙofa a rufe. A gaban shugabanni ya ce, "Ni ban taɓa ce masa ya ɓoye wa kwastoma komai ba." Na dube shi, bai ko ƙifta ido ba. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka hana ni alawus ɗin ƙarshen shekara. Shi kuwa shekarar da ta biyo aka ƙara masa girma. Ba zan ce na yafe wannan ba, don ban yafe ba. Amma laifi tudu ne, kuma na san nawa. Bai riƙe mini hannu ba a cikin kwanakin nan tara. Tsoron ɓacin ransa ya fi mini nauyi a kan yarinyar da ban taɓa gani ba, kuma wannan zaɓina ne.

Daga nan na canza yadda nake aiki, ba tare da na nemi izinin kowa ba. Ban ƙara sa gida a talla ba sai notis ɗin fita yana hannuna a rubuce. Tsakanin mai fita da mai shiga ina barin kwana uku, ko jadawali ya yi kyau ko bai yi ba. Na daina amfani da hoton gida ɗaya in tallata goma. Kowane gida da hotunansa da ranar da aka ɗauka, har da abubuwan da mai talla yake so ya kauce musu: matattakala, tagar da ke kallon bango, ƙaramin kicin, titin da ke da hayaniya da safe. Ƙarfin intanet ma sai na gwada a cikin ɗakin in ɗauki hoton sakamakon. Kuma duk buƙatar da ta zo da iyali, sai na roƙi a haɗa ni da matar ko mijin da ke biyo ma'aikacin, mu yi magana ta minti goma. Ma'aikacin ofis zai tafi da safe. Wanda zai wuni a gidan, a garin da bai san kowa ba, shi ne ya san inda ɗaki yake masa yoyo, kuma in shi bai ji daɗi ba, taransifar gaba ɗaya tana iya rushewa. Manaja ya kira wannan ɓata lokaci. Bayan shekara biyu kamfanin shirya ƙaurar nan ya dawo da mu cikin jerinsa, da sharaɗin cewa buƙatunsa ta teburina za su bi.

Na san wasunku za su ce wannan tsohon labari ne, kasuwa ta wuce nan. Ni kuwa gani nake kasuwar ta nufo inda labarin yake. Da can jami'in kamfani ne ke zaɓa. Yanzu kamfanoni da yawa dunƙulallen kuɗi suke ba ma'aikaci, su ce je ka nemi masauki da kanka. Ga kuma masu aiki daga nesa, waɗanda ƙasashe suka buɗe wa biza ta musamman: Estoniya tun 2020, Fotugal a 2022, Sifaniya a 2023. Ga ma'aikatan jinya a Amurka da ke yawon asibitoci da kwantiragin mako 13. Duk waɗannan, mai biya shi ne mai kwana. Yana buɗe wayarsa ya gwada gidanmu da na Airbnb, manhajar hayar gidaje ta 'yan kwanaki, da na otal, ya karanta abin da baƙon jiya ya rubuta. Kalmar nan ta "ko makamancinsa" da muka daɗe muna fakewa a bayanta ba ta da sauran kwana a wajen irin wannan kwastoma.

Gasar ma ta ƙaru ta inda ba mu zata ba. Birane sun matsa wa hayar 'yan kwanaki. Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara tun 2015. New York ta fara aiwatar da dokarta a Satumba 2023, inda hayar da ba ta kai kwana 30 ba sai da rajista kuma sai mai gida yana ciki. Barselona ta sanar a 2024 cewa lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido kusan 10,000 zai ƙare a 2028. Masu gidajen da aka rufe wa wannan ƙofa ina za su nufa? Hayar wata guda zuwa sama, wato gonarmu. Suna da gado da labule kamar mu, wasu hotunansu sun fi namu kyau. Abin da ba su da shi shi ne takardar biyan kuɗi guda ɗaya da akantan kamfani zai karɓa ba gardama, inshora, na'urar gano hayaƙi da aka gwada, da mutumin da zai ɗaga waya ƙarfe biyu na dare in mukulli ya ƙi buɗewa. Wannan ya kamata mu riƙa sa wa a gaban talla, ba furen da ke kan tebur ba.

Game da kama haya mai tsawo don a sayar da gajeriya, ku dubi kamfanin Zeus Living, da ta yi suna a wannan sana'a a Amurka ta kuma rufe a ƙarshen 2023. Manyan kamfanoni suna haɗewa: a masu gidajen haya Ascott ta sayi Oakwood a 2022, a masu shirya ƙaura kuma Sirva da BGRS sun zama ɗaya a shekarar. Ƙaramin kamfani irin namu ba zai ja da su a yawan gidaje ba. Tsoron daren da babu kowa na gaske ne, na yarda, amma shi ne ya kai mu ga abin da ya faru.

Sauran shawarwarina ba su da yawa. Katifa mai kyau ta fi talabijin babba kawo kwastoma karo na biyu. A tambayi zancen dabbar gida da makarantar yara tun a saƙon farko. Umarnin da aka ba ka da baki, ka koma teburinka ka aika wa mai shi a rubuce cewa ga abin da ka fahimta, ko da zai ɓata rai.

Ga wadda za ta gaji kujerata: tef ɗin awon yana cikin durowar hagu, da littafin da na rubuta faɗin ƙofar kowane gida da yawan matattakalarsa. Gidaje huɗu ne kawai keken guragu zai shiga tun daga titi har banɗaki, na ja musu layi da jan biro. Takardar gargaɗin kuwa, na nemi a cire ta daga fayil ɗina kafin in tafi. Aka ce sai wanda ya sa mata hannu ya amince. Na aika masa sau biyu, har na fita daga ginin bai amsa ba.